WASAN KWAMFUTA: WA ZAI RUBUTA ZAMFARA A CIKI?

Cikin watan Fabrairu na 2025 wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Firaxis ya fitar da wani wasan kwamfuta da a ke kira Civilization VII, watau fitowa ta bakwai ke nan ta wannan wasa. A cikinsa mai wasa ya kan zaɓi ɗaya daga cikin mashahuran shugabannin duniya na zamanin da, ya kafa birni, ya yi noma da ciniki da yaƙi, har ƙasarsa ta bunƙasa ko kuwa ta rushe. To, cikin shugabannin nan da aka jera har da Amina ta Zazzau.

Ba kuwa wannan ne farko ba. Cikin Agusta 2021 kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa da Habashawa a wasansa Age of Empires III, aka sa Kano ta zama babban birnin Hausawa, aka zana barade sanye da lifidi, in an ba su umurni da Hausa su ke amsawa. Wani kamfani kuma na ƙasar Suwidin, Paradox, ya sa Daurama ta Daura cikin wasansa Crusader Kings III a 2020, sa'an nan a 2022 ya sa Daular Sakkwato cikin Victoria 3, wanda labarinsa ke farawa daga shekarar 1836. Ashe yau akwai yaro a Koriya ko Barazil wanda ya san kalmar lifidi, bai kuwa taɓa ganin hawan salla ba.

Lalle wannan abin murna ne. Amma fa mu tuna, da bakin wani a ke ba da labarin nan namu, daga littattafan da suka iso hannunsa, gwargwadon kuma abin da ya ga zai sayu. In muna jiran ranar da wani kamfani na Turai zai aiko a tambayi tsofaffin Tsafe labarin malaman 'Yandoto, ko a tambayi na Bunguɗu labarin dutsen Kwatarkwashi, to, mun daɗe muna jira. Abin da ya sa mu ke wannan bayani shi ne, akwai hanyar da malamin makaranta a Wanke, ko akawu a Gusau, zai sa ƙasarsa cikin irin wasannin nan da hannunsa, da tsohuwar kwamfuta, ba tare da ya biya kowa ko anini ba. Hanyar tana da ƙafa biyu: kwaskwarimar wasa, da buɗaɗɗiyar manhaja. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

KWASKWARIMA BA BAƘUWA BA CE

Kowa ya san dara. A tona gurabe 30 a ƙasa, jeri biyar na shida shida, ko wane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da karare, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Amma wanda ya yi tafiye-tafiye ya san dokar dara ba ɗaya ba ce ko'ina. Wani gari a ƙara gurabe, wani gari a hana abin da wani ya halatta, ba kuwa wanda ya taɓa zuwa neman izni wurin wanda ya ƙago dara. Haka kuma masu ilmi sun san tahamisi, inda mawaƙi zai ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu ya ƙara ɗango uku a kan ko wane baiti, waƙar ta zama tasu su biyu, sunan na farko bai ɓace ba. Ba mu ce darajar waƙa da ta wasa ɗaya ce ba, dabarar mu ke nufi.

To, wannan dabara ita ce Turawa masu wasan kwamfuta ke kira mod, mu kuwa mu ka ce kwaskwarima. Tun ran gini kuwa tun ran zane. Cikin 1962, a wata babbar makarantar koyon fasaha ta Amurka da a ke kira MIT, wani mai suna Steve Russell da abokansa suka rubuta wasan Spacewar, na jirage biyu masu harbin juna a sararin samaniya. Ba su ɓoye rubutun ba. Sai wannan ya zo ya ƙara taurari daidai yadda su ke a sama, wancan ya ƙara rana mai jawo jirage, wasan ya yi ta yawo daga makaranta zuwa makaranta kyauta.

Da harkar ta zama ciniki sai kamfanoni suka shiga kulle rubutunsu. Amma cikin 1993 kamfanin id Software ya fitar da Doom, da gangan ya ware hotuna da taswirorin wasan a jaka dabam yadda kowa zai iya musanya su da nasa. Kafin a ce haka mutane sun ƙirƙiro dubban sababbin filaye. A ƙarshen 1997 kamfanin ya saki rubutun injin wasan ɗungum, shi ya sa har yau, bayan shekara fiye da 30, Doom bai mutu ba.

Kada mai karatu ya zaci aikin banza ne na marasa abin yi. Cikin 1999 waɗansu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life kwaskwarima, suka sa mata suna Counter-Strike. A 2000 kamfanin Valve mai Half-Life ya saye ta, ya kuma ɗauke su aiki, yau tana cikin wasannin da aka fi yi a duniya. Haka nan Dota, kwaskwarima ce da aka fara yi wa Warcraft III a 2003. Gasar duniya ta magajinta Dota 2 da aka yi a 2021, kuɗin da aka raba wa gwanaye ya kai dala miliyan 40. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

MECE CE BUƊAƊƊIYAR MANHAJA?

Ko wace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar yadda ma'aji da magatakarda ke tafiyar da ofis a zamanin En'e: ita ke karɓar umurni, ita ke ajiya, ita ke raba aiki. Wadda aka fi sani a ƙasar nan ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Ita Windows rubutun da aka gina ta da shi a kulle ya ke. Ka biya kuɗi a ba ka iznin aiki da ita, amma ba ka da ikon buɗe cikinta ka gyara, ba ka da ikon kwafa ka ba maƙwabci. Misalinta kamar keken da aka sayar maka, aka ce in sarƙa ta tsinke kada wani mai gyaran keke ya taɓa shi sai kamfani.

Cikin 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ce wannan bai yi ba, ya ɗaura niyyar gina manhajar da kowa ke da ikon abu huɗu a kanta: ya yi aiki da ita, ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba. A 1989 ya tsara wata takardar sharaɗi da a ke kira GPL, wadda ta ce duk wanda ya gyara ya rarraba, to, tilas shi ma ya bar gyaransa a buɗe. A 1991 kuma wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar irin wannan manhaja, aka kira ta Linux. Da aka haɗa aikin nan biyu sai ga cikakkiyar manhaja, kyauta. Kada kuwa a ce abin nesa ne. Duk wanda ke riƙe da wayar Android, Linux ce zuciyar wayarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗaya kuma daga cikin ire-irenta da suka fi yaɗuwa, Ubuntu, wani mutumin Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004.

Shekara da shekaru abin da ya hana samari kusantar Linux shi ne wasanni, don kusan duk manyan wasanni domin Windows a ke rubuta su. Kamfanin Valve ne ya sake lale. A 2013 ya kawo kasuwarsa ta sayar da wasanni, Steam, kan Linux. A Agusta 2018 ya fito da Proton, wani tafinta da ke tsayawa tsakanin wasan Windows da Linux yana juya maganar wannan zuwa harshen wancan nan take. Shi ma ba daga sama ya faɗo ba, a kan wani aikin sa kai aka ɗora shi mai suna Wine, wanda aka fara tun 1993. A Fabrairu 2022 kuma ya fitar da Steam Deck, 'yar kwamfutar wasa ta riƙewa a hannu, wadda Linux ke tafiyar da ita. Yau dubban wasannin Windows suna tafiya a kan Linux. A ƙidayar da Steam ta yi a Oktoba 2025, masu Linux sun haura kashi 3 cikin 100 na masu shiga kasuwar. Kaɗan ne, amma da can ko kashi 1 da ƙyar su ke kaiwa.

Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, akwai inda gizo ke saƙar. Waɗansu wasannin da a ke yi da jama'a ta intanet suna da ɗan sandan ciki mai kama masu maguɗi, wanda ba ya yarda da Linux. Fortnite da Valorant suna cikinsu. Haka nan wasan ƙwallo na kamfanin EA, wanda a da a ke kira FIFA, tun 2023 ya koma EA Sports FC. Mun san kuwa ƙwallo ce zuciyar samarinmu a gidajen wasa na Gusau da sauran birane. Wanda wannan kaɗai ya ke so, Linux ba za ta biya masa bukata ba tukuna.

KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA

Me ya sa mu ke matsa maganar buɗaɗɗe da kulalle? Labarun da ke fitowa daga kasuwar wasanni su za su ba da amsa. Kasuwar nan ta ƙasaita ƙwarai, har a Oktoba 2023 Microsoft ya sayi kamfanin Activision Blizzard a kan kuɗi wajen dala biliyan 69. Amma a shekarar nan ɗaya ma'aikata fiye da 10,000 suka rasa aikinsu a kamfanonin wasanni dabam dabam. In riba ta ja baya, ba a jinkirin rufe ƙofa.

Ga misali. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasansa na tseren motoci, The Crew. Wasan ba ya tafiya sai da su, saboda haka duk wanda ya saya da kuɗinsa ya wayi gari ba shi da kome. Abin ya harzuƙa jama'a, har a 2025 mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar kuka zuwa ga hukumar Tarayyar Turai. Shi ma Age of Empires III ɗin nan mai baradenmu, a Janairu 2025 masu shi suka ba da sanarwa sun fasa ƙarin da suka yi alkawari. Wasan da rubutunsa ke buɗe kuwa ba mai ikon kashe shi, muddin akwai mutum ɗaya da ke da kwafi.

Mutanen Zamfara ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan waya da intanet a jihar duka saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba magana, waɗansu wurare ma watanni. Duk abin da ya dogara da intanet ya tsaya cik. Garuruwa irin su Wanke, waɗanda rashin zaman lafiya ya daɗe yana damu, abin da ya dace da makarantunsu shi ne wanda za a ɗauko sau ɗaya a Gusau cikin ɗan filashi, a zuba a kwamfuta goma, ya yi ta aiki ko da layi ko babu, ba kuwa wanda zai ce an yi sata.

Akwai kuma wani dalili. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, sabuwar kuwa, Windows 11, ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa. Galibin waɗanda mu ke saye na hannu ne. To, a zubar da su ke nan? A'a. Akwai ire-iren Linux marasa nauyi da ke tashin tsohuwar kwamfuta ta koma aiki garau. Ana ma iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge kome ba, in ba ta yi wa mutum ba ya zare abinsa.

ABIN DA MALAMI ZAI IYA YI

Yanzu sai mu zo kan aiki. Akwai wani wasa mai suna Freeciv, irin na gina ƙasa ne kamar Civilization, amma buɗaɗɗe. Ɗalibai uku na Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak suka fitar da shi a Janairu 1996, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Yana da al'ummomi ɗaruruwa, ko wace kuwa ba kome ba ce illa 'yar takarda ta rubutu zalla: sunan al'umma, sunayen sarakunanta, jerin garuruwanta, taƙaitaccen tarihinta, sai hoton tuta. Duk akawun da ya iya cika fom zai iya rubuta irinta.

A ce malamin tarihi ya raba ajinsa ƙungiya ƙungiya. Waɗansu su tattaro jerin sarakunan Zamfara, waɗansu su jero garuruwa: Dutsi, Birnin Zamfara, Anka, Gusau, Tsafe, Bunguɗu, Ƙauran Namoda, Talatar Mafara, Wanke. Waɗansu su rubuta yadda Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 suka kafa Alƙalawa, da yadda Alƙalawa ta faɗi a 1808. Nan za a ga gardama mai amfani: wane gari ya girmi wane, wane sarki ya gaji wane, ina shaida? Yaron da ya je ya durƙusa gaban kakansa yana tambaya don kada abokansa su kama shi da kuskure, ya koyi tarihi fiye da wanda ya haddace don jarrabawa. Ranar da aka kunna wasa ya ga an kafa birni an rubuta Wanke a kansa, ba zai manta ba.

Malamin labarin ƙasa yana da 0 A.D., wasan daulolin da, wanda shi kansa da kwaskwarima ya fara kafin a buɗe rubutunsa a 2009. A 2018 aka ƙara masa mutanen Kush na ƙasar Sudan, yana kuma da wurin zana taswira, inda yara za su shimfiɗa gulbin Sakkwato da duwatsun Kwatarkwashi. Sai dai shi yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Ƙanana kuwa akwai GCompris mai koyar da ƙidaya da haruffa da riƙon linzamin kwamfuta, da Tux Paint na zane. Wanda ya yi nisa ya ɗauki Godot, injin gina wasanni da aka buɗe a 2014, ya gwada rubuta dara da dokar garinsu.

Malamin Hausa ma ga nasa rabo. Yawancin wasannin nan kalmominsu a jere su ke cikin takarda dabam domin masu fassara, kowa kuwa an yarda ya fassara. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, duk kwamfuta ta san su. Aji guda zai iya juya 'yan ɗaruruwan jimloli cikin zango ɗaya, a aika wa masu kula da wasan, in sun karɓa ya zama duk mai jin Hausa a duniya ya amfana, daga Maraɗi har Kumasi.

GARGAƊI

Kada dai mu ɗauka na'ura kaɗai ta isa. Cikin 2007 aka raba wa yaran wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja, 'yan ƙananan kwamfutoci masu Linux, a ƙarƙashin wani shiri na ba ko wane yaro kwamfuta guda. Domin wannan shiri ne ma aka buɗe rubutun tsohon wasan gina birni SimCity a 2008, aka sake masa suna Micropolis. An yi maganar Nijeriya za ta sayi miliyan ɗaya, ba a saya ba, shirin kuma bai ɗore ba. Darasin a fili ya ke: sai da wuta, sai da mai gyara, sai kuma da malamin da ya san abin da ya ke so yara su koya. Shi ya sa mu ka ce a fara da kwamfuta ɗaya da faifan hasken rana ɗaya da malami ɗaya mai himma, ya fi a jibge ɗari a ɗaki a kulle.

Iyaye kuma za su ce wasa ɓata lokaci ne, suna da gaskiyarsu. Yaron da ya wuni gaban allo ya bar salla da karatu da aiken gida, an yi hasara. Wajibi ne a yanka lokaci, malami kuma ya duba ko wane wasa da idonsa kafin ya sa wa yara, don akwai masu zubar da jini da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. A kuma rarrabe tsakanin wannan da cacar ƙwallo ta waya, wadda ba ta da alaƙa da abin da mu ke faɗi. Amma a tuna, tun 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a da kwamfuta a ke yin ta. Yaron ƙauyen da bai taɓa dafa linzami ba sai ranar jarrabawa, an ƙware shi tun kafin a fara tambaya.

Gusau tana da Jami'ar Tarayya tun 2013, tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha, ga kuma babbar makarantar fasaha a Ƙauran Namoda. Ɗaliban kwamfuta na waɗannan wurare kullum suna neman aikin da za su rubuta na ƙarshen karatu. Muna roƙon shugabanninsu su duba wannan fage, malaman firamare da na sakandare kuma su nemi haɗa kai da su, akawunan ofisoshin ilmi su lissafa tsofaffin kwamfutocin da ke kwance cikin sito suna shan ƙura. In wani malami ya gwada, ya rubuto mana yadda ta kaya, da daɗi da ba daɗi, domin 'yan'uwansa su ƙaru.

Waɗansu sun sa Amina da Daurama cikin wasanninsu, mun gode musu. Saura Zamfara, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa yaranmu su zama masu ƙirƙira, ba masu kallo kaɗai ba, amin.